Yadda ake haɗa kumbon bincike a Elite Dangerous, a fita shi kaɗai, a dawo lafiya

Kamfanin Frontier Developments da ke Kambirij a Ingila ya fitar da Elite Dangerous, wasan bidiyo na tuƙin kumbo a sararin samaniya, a watan Disamba na 2014, kuma ya zuba gungun taurarinmu na Milky Way gaba ɗaya a cikinsa, taurari kimanin biliyan 400. Fiye da shekara goma ke nan 'yan wasa suna yawo a ciki, amma ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su taka ba. Saboda haka har gobe akwai duniyar da ba wanda ya taɓa gani, wadda in ka riga kowa kai rahotonta, sunanka zai zauna a kanta.

Sai dai akwai sharaɗin da sabon shiga ya kamata ya riƙe tun kafin ya sayi ko ƙusa. Duk abin da ka auna a hanya ba kuɗi ba ne, ba suna ba ne, sai ranar da ka sauka a tasha ka sayar. In kumbonka ya tarwatse kafin nan, inshora za ta mayar maka da kumbo, amma bayanan wata guda sun tafi ke nan. Shi ya sa ban yarda da masu tuɓe kumbo tsirara don ƙarin shekarar haske biyu ko uku a nisan tsalle daga tauraro zuwa tauraro ba. Kumbon mai tafiya shi kaɗai, wanda zai iya gyara kansa ya jure kuskuren matuƙinsa ake nema.

Kowane tauraro da duniyoyin da ke zagaye da shi, zango zan riƙa kiransa a nan.

Mataki na farko: zaɓen kumbo

Kowa da ƙaramin Sidewinder yake farawa. Da ka tara kiredit (kuɗin wasan) dubu hamsin da 'yan kai, Hauler zai fi shi tsalle, kuma ya isa yawon kusa da gida. Kumbon bincike na gaske mafi araha shi ne Diamondback Explorer, ƙasa kaɗan da miliyan 2. Tsallensa mai nisa ne, ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma ƙanƙantarsa na sa ya sami wurin sauka ko a tsakanin duwatsu. Aibinsa ɗaya: ludayin man da yake ɗauka, wato na'urar ɗiban mai daga jikin tauraro, girmansa bai wuce lamba 4 ba, don haka za ka daɗe a gefen tauraro kana jiran tanki ya cika.

Asp Explorer ya kai miliyan 6.6, yana ɗaukar ludayi lamba 6, yana da gurabe da yawa, ga gilashin gaba mai faɗi da ke nuna maka har ƙarƙashin ƙafarka. Ga wanda zai yi doguwar tafiyarsa ta farko, shi nake zaɓa masa. Krait Phantom ya fi shi komai in kana da wajen miliyan 37. Mandalay, wanda ya fito a ƙarshen 2024, ya zo ya sha gabansu wajen tsalle da daɗin tuƙi. Anaconda kuwa, mai kusan miliyan 147, tsallensa ya yi suna, amma juya shi a cikin zango wahala ce, samun filin da zai sauka kuma wata wahalar ce daban.

Ko wanne ka saya, bar kuɗin inshora a aljihu. Kashi 5 cikin ɗari ne na darajar kumbon da kayansa. Wanda ya fita babu su, ranar da tsautsayi ya faɗa masa Sidewinder zai koma.

Mataki na biyu: kayan ciki

Kowace na'ura a gareji tana da lamba da harafi. Lambar girmanta ce, harafin kuma darajarta. E ita ce wadda kumbo ke zuwa da ita, mafi rauni. D ta fi kowacce rashin nauyi. B ta fi kowacce nauyi, don haka ba ruwan mai bincike da ita a manyan injuna. A ta fi ƙarfin aiki da tsada. Nauyi shi ke cin nisan tsalle, kowane tan ɗaya da ka ɗora sai ya rage maka wani abu.

Injin tsalle, wanda allo ke rubutawa FSD, a nan ba a rowa. Sa mafi girman da gurbin zai ɗauka, kuma A. A kan Asp ko Diamondback 5A ke nan, kuɗinsa ya haura miliyan 5, wato ya fi Diamondback ɗin kansa tsada nesa ba kusa ba. Tun 2024 akwai sabon samfuri mai alamar SCO, wanda ke ƙara gudu mai tsanani a cikin zango. Yana da amfani ranar da duniyar da kake so take can nesa da tauraronta, amma shan mansa ba kaɗan ba ne, kuma tsofaffin kumbuna suna rawa su ɗauki zafi in an kunna shi. Kunna na 'yan daƙiƙu, ka kashe.

Janareta kuma A za ka sa, amma ƙarami. Dalili shi ne janareta mai A ya fi sauran rashin fitar da zafi, kai kuwa rabin rayuwarka a gefen taurari za ka yi ta. Rage lambarsa har ka kai mafi ƙanƙantar da zai iya ɗaukar kayanka. Na'urar numfashi da rada ba a rage girmansu, sai dai a sa D. Na'urar numfashi mai D tana ba ka iskar minti bakwai da rabi in gilashi ya fashe, mai A kuma minti 25. A can nesa duka biyun ba za su kai ka tasha ba, don haka D ta wadatar.

Wurin da mutane ke wuce gona da iri shi ne injunan turi da mai rarraba wuta. Za ka ga an sa mafi ƙanƙanta don tsallen ya yi kyau a takarda. Ranar da irin wannan kumbo ya doshi duniya mai ƙarfin janyowa, ƙasa na jansa, matuƙi ya danna maɓallin zabura, shiru, domin mai rarraba wutar ba shi da cajin da zai zaburar da shi. Shawarata: injunan turi D amma cikakken girma, mai rarraba wuta kuma ka tabbata yana iya zabura kafin ka bar gareji. Shafukan Coriolis da EDSY suna ba ka damar haɗa kumbon a burauza, ka ga tsallensa da wutarsa da ko zai zabura, ba tare da ka kashe kiredit ɗaya ba. Inara kuma zai gaya maka tashar da ke sayar da abin da kake nema, don ba kowace tasha ke da komai ba.

Bindigogi a cire su duka. Babu wanda za ka harba a can.

Mataki na uku: guraben zaɓi

Gurbi mafi girma na ludayin mai ne, abin da gareji ya rubuta Fuel Scoop. Ba shi da nauyi ko kaɗan, don haka kuɗi ne kawai zai hana ka sa babba. 6A ya ninka kuɗin Asp ɗin kansa fiye da sau huɗu, to in aljihu bai kai ba, 6C ya fi 5A ɗin da za ka matsa wa kanka sauƙin kuɗi, kuma zai yi maka aiki. Na'urori ana mayar da su a karɓi kuɗinsu, saboda haka ba asara ba ce ka fara da mai araha.

Sai bakanike mai sarrafa kansa, AFMU. Shi ma ba nauyi. Yana gyara na'urorin ciki, amma abu uku sun fi ƙarfinsa: gangar jikin kumbo, janareta, da shi kansa. In akwai gurbi sa biyu, ɗaya ya gyara ɗaya. A kashe za ka bar shi sai ranar buƙata, don kada ya ci wuta a banza. In za ka yi gyara, fita daga gudun cikin zango tukuna, ka tsaya cik a sarari, domin duk na'urar da yake gyarawa kashe ta yake yi. Wanda ya taɓa gyaran injin tsalle ko injunan turi yana cikin gudu, wasan zai wurgo shi waje da ƙarfi, ya ƙara ɓarna a kan wadda yake son gyarawa.

Na'urar auna fuskar duniya, DSS, kiredit 250,000 ce kuma lamba 1 kawai take ci. Ba a fita babu ita. Garejin mota da ƙaramar motar SRV yana da nauyi, amma da ita ake tsinto ma'adinai a ƙasa, kuma da ma'adinan nan ake cika AFMU in kayan gyaransa sun ƙare, ake kuma haɗa allurar ƙarin tsalle. Mafi sauƙinta, daga kabon da banadiyam da jamaniyam, tana ƙara kashi 25 cikin ɗari na tsalle ɗaya. Babbar tana ninka shi biyu. Ita ke fid da mutum in ya faɗa zangon da babu tauraro kusa.

Garkuwa dole ce, ko da mafi ƙanƙantar D da kumbon zai karɓa. Ba don faɗa ba, don sauka. Kowace sauka sai ka ɗan gogi ƙasa, kuma gangar jiki ba ta warkewa da kanta. A waje kuma maƙala abin zubar da zafi guda ɗaya. In gurbi ya rage, kwamfutar sauka a tasha lamba 1 take ci, kuma za ka gode mata ranar dawowa.

Mataki na huɗu: injiniyoyi, in kana da haƙuri

Kumbon da aka haɗa haka zai yi tsallen shekarar haske 35 zuwa 40, kuma wannan ya isa ka je ko'ina a tsakiyar gungun. Mai son ƙari sai ya nemi injiniya Felicity Farseer a zangon Deciat, ta gyara masa injin tsalle. Tana buƙatar ka kai muƙamin Scout a bincike, ka kuma kawo mata wata haja mai suna Meta-Alloys guda ɗaya. Ko Elvira Martuuk a Khun, wadda ke gayyatar wanda ya yi nisan shekarar haske 300 daga inda ya fara, ta karɓi hajar Soontill Relics uku. Dukansu suna kai gyaran ƙarin nisa har mataki na 5. A injin lamba 5, ƙara masa gyaran Mass Manager a kai. Akwai kuma na'urar ƙarin tsalle ta Guardian, wadda lamba 5 ɗinta ke ƙara shekarar haske 10.5 kai tsaye, sai dai samunta na buƙatar zuwa kufan Guardian, wata tsohuwar al'ummar sararin samaniya a wasan, aikin yini guda ne mai zaman kansa.

Deciat ya yi ƙaurin suna da 'yan tare hanya, 'yan wasa masu manyan kumbunan yaƙi da ke jiran sababbi. Wasan yana da ƙofa uku: Open inda kowa ke haɗuwa, Private Group na abokai, da Solo. Taurari ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce, sunan da ka sa a duniya a Solo kowa zai gan shi. Shiga Deciat ta Solo, babu abin kunya a ciki.

Ko a Solo sai da intanet, amma ba ya jan data kamar Open, tunda ba a haɗa ka da kwamfutocin wasu. Ga mai wasa da data ta waya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In sabis ya yanke ko an ɗauke wuta, bayananka suna nan, za ka dawo ka tarar da kumbonka kusa da inda ka bar shi. Abin da wasan ba shi da shi shi ne maɓallin dakatarwa. In an kira salla ko an aike ka, fita zuwa babban menu, kada ka bar kumbo yana gudu ba matuƙi.

Mataki na biyar: tsara hanya

Buɗe taswira, ka je wurin tace taurari da ajinsu. Aji bakwai ne kaɗai ake ɗiban mai a jikinsu: O, B, A, F, G, K, M. 'Yan wasa suna haddace su da KGBFOAM. Wadannin taurari masu duhu na ajin L, T, Y, da jariran taurari na T Tauri, da fararen wadanni, da taurarin nutiron, da baƙaƙen ramuka, babu ɗigon mai a cikinsu. Kunna bakwai ɗin nan, ka sa a yi amfani da tacewar wajen zana hanya. Layin hanya in ya tafi a haɗe, manka zai kai. Inda ya koma ɗigo-ɗigo, nan tankinka zai ƙare.

Tafiyar farko kada ta zama Colonia mai nisan shekarar haske 22,000, ko Sagittarius A* da ke tsakiyar gungun a wajen 26,000, balle Beagle Point da ya haura 65,000. Waɗannan hanyoyin an tattake su, musamman tun ayarin Distant Worlds na 2016 da na 2019. Hanyar kowane sanannen gajimaren taurari ma haka take. In sabon wuri kake so, zaɓi gefen da babu wani abin kallo, ka yi sama ko ƙasa da faifan gungun da shekarar haske ɗari biyu ko uku, sannan ka miƙa dubu ɗaya zuwa biyu. A nan za ka fara shiga zangon da babu sunan kowa. In ka ƙarasa 5,000 daga inda ka fara, ka cika sharaɗin nisa na samun gayyatar injiniya Farfesa Palin, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mataki na shida: abin da ake yi a kowane zango

Da ƙidayar tsalle ta fara, mayar da totur sifili. Kullum gaban babban tauraro ake sauke ka, kuma wanda ya iso da totur a buɗe cikinsa zai nufa. Da isowa danna na'urar gano duniyoyi har ta yi ƙararta, za ta gaya maka adadin abin da ke zangon. Sannan ka bi gefen tauraron a hankali, a wajen da'irar da ke kewaye da shi, ludayi zai fara aiki da kansa. Idonka a kan ma'aunin zafi. In ya doshi 80, ja baya. Ya wuce 100, na'urori sun fara ƙonewa. Kada ka kunna injin tsalle kana tsakiyar ɗiban mai, zafin biyu ne zai haɗu. Juya wa tauraron baya, ka jira ludayi ya daina, sannan ka kunna. Wani lokaci za ka faɗo tsakanin taurari biyu da ke manne da juna, zafi ya hau kafin ka ankara. Ranar abin zubar da zafi ke nan: harba shi, ka nufi inda ya fi duhu.

Ɗabi'ar da ta fi kowace amfani ita ce cika tanki a duk tauraron da ya ba da mai, ko rabi ne ya rage. Kafin kowane tsalle kuma allo yana nuna ajin tauraron da za ka, duba shi.

In ka yi nisa da zafi, tsayar da totur ka buɗe FSS, madubin hangen duniyoyin zangon daga nesa. A ƙasansa akwai layin igiyoyi kamar na tsohuwar rediyo, kana murɗawa kana kamo duniyoyi. Da sannu idonka zai saba, kallo ɗaya zai gaya maka ko zangon ƙanƙara ce zalla ko akwai abin tsayawa. Masu tsada suna tsakanin duwatsu da ƙattin duniyoyin iska: mai kama da duniyarmu, duniyar ruwa, duniyar amoniya. Sai kuma duniyoyin ƙarfe da aka rubuta ana iya mayar da su wurin zama. Waɗannan su suka cancanci ka tuƙa zuwa gare su. Riƙe totur a shuɗin yanki in lokacin isowa ya nuna daƙiƙa 7, in ba haka ba ka wuce ta sai ka zagayo. Da ka matso, harba 'yan aiken DSS har su rufe kashi 90 na fuskarta. In ba ka wuce adadin da aka ƙayyade ba akwai ƙarin lada. Duniya mai kama da tamu da kai ka fara gani kai ka fara aunawa tana iya haura miliyan 3.

Mai Odyssey, ƙarin da ya fito a 2021, yana da wata hanyar kuɗin da ta fi wannan. Sayi rigar Artemis kafin ka fita, ka sauka a duniyoyi masu siririyar iska inda FSS ya nuna alamar rai. Kowane tsiro samfuri uku ake ɗauka, da tazara tsakaninsu: mita 150 ga Frutexa, 200 ga Tussock, 500 ga Bacterium da Stratum, 800 ga Osseus da Tubus. Gama ɗaya kafin ka taɓa wani, in ka sauya a tsakiya na farkon ya zube. Stratum Tectonicas, wanda ke fitowa a duniyoyin ƙarfe, miliyan 19 ne a Vista Genomics, ofishin sayen samfurin tsirrai, kuma in kai ka fara kawo shi daga wannan duniyar ana ninka shi biyar.

Kafin kowace sauka duba ƙarfin janyowar duniyar. Wannan shi ya fi kashe masu bincike, fiye da taurari. In ya haura 1g, wato irin na duniyarmu, tura wuta duka zuwa garkuwa, ka sauko a kwance a hankali, hancin kumbo bai yi ƙasa sosai ba, kada kuma ka danna maɓallin turawa ƙasa. Ga wanda ke ɗauke da bayanan makonni, duniya mai 3g ba ta cancanci kasadar ba sai da dalili mai ƙarfi.

Taurarin nutiron

Tauraron nutiron yana fesa harsunan haske biyu. In ka shiga ɗaya da ludayinka a kunne, tsallenka na gaba zai ninka huɗu, kuma shafin Spansh yana zana hanya daga wannan zuwa wancan. Ana shiga ne daga can wutsiyar harshen, da ƙaramin gudu, hanci yana kallon waje ba wajen tauraron ba. Kumbo zai yi ta tangaɗi, ka daure har a sanar da kai ya cika, ka fita. Kowace shiga tana ɗan cin injin tsalle, in ya sauko kusa da kashi 80 tsaya ka gyara. Babu mai a jikinsu, don haka bayan 'yan tsalle sai ka ratse wajen tauraro mai mai. Farin wada kuwa rabin tsalle kawai yake ƙarawa, da'irar haɗarinsa ta fi faɗi, ƙyale shi. Akwai tauraron nutiron a cikin yankin da mutane ke zaune, Jackson's Lighthouse. Je ka koya a can lokacin da ba ka ɗauke da komai. In kuma sabis ɗinka yana yankewa a ranar, bi hanyar talakawa.

In mai ya ƙare

Kada ka tarwatsa kumbonka. Ƙungiyar Fuel Rats, 'yan wasa ne masu aikin sa kai tun 2015, suna kai wa mutum mai kyauta ko'ina yake. Kashe duk na'urori ban da ta numfashi, ka shiga shafinsu ka bi abin da suka ce. In ka ga agogon iska ya fara ƙidaya, fita zuwa babban menu nan take, agogon yana tsayawa. Ba za su iya ganinka a Solo ba, za su sa ka shiga Open ko rukuni na ɗan lokaci. Hull Seals suna irin wannan aikin ga wanda gangar kumbonsa ta lalace. Akwai kuma manyan jiragen dakon kumbuna na DSSA da 'yan wasa suka girke a sassan gungun, inda ake gyara, da yawansu kuma ana sayar da bayanai, ko da yake ana cire wani kaso.

Dawowa

Gajiya ce ke kawo yawancin ɓarna, kuma ta fi yawa a ƙarshen tafiya, lokacin da mutum ya ƙosa ya isa. Tsalle ashirin na ƙarshe yi su a Solo, da rana, ido a buɗe. Zaɓi tasha a bakin yankin mutane, wadda ke kusa da tauraronta, kuma ka tabbata tana da ofishin Universal Cartographics mai sayen bayanan bincike, da Vista Genomics in kana da samfurin tsirrai. Nemi izinin sauka tun kana cikin kilomita 7.5, sauke ƙafafu, rage gudu ƙasa da 100, ka bi gefen koren fitila. Hannun da ya yi makonni bai shiga ƙofar tasha ba ya manta faɗinta, bar kwamfutar sauka ta yi aikinta in ka sa ta.

Ba a sayen bayanan zangon da bai kai shekarar haske 20 daga tashar ba. Sauran ana sayar da su shafi-shafi, zango hamsin a kowanne, kuma bayan kowane shafi za a jero maka duniyoyin da sunanka ya hau. Ka sani kuma sayarwar tana ɗaga darajarka wajen masu mulkin tashar, don haka in akwai ɓangaren da kake neman shiri da shi, kai masa. Farseer ma tana saye a sansaninta, kuma hakan na buɗe matakan gyaranta. Kafin ka sake fita, shiga sashen babban gyara ka biya kuɗin ƙarfin gangar jiki, wanda doguwar tafiya ke ci a ɓoye ko da ma'aunin gaba yana nuna 100, ka cika AFMU da abin zubar da zafi.